Amsoshin Tambayoyinku: Yahudanci da Kishin Ƙasa, Gardamar Cikin Gida

Assalamu alaikum masu sauraronmu, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yawancin saƙonnin da suka iso mana a wannan mako hanya ɗaya suka nufa, wato batun Yahudawa da ƙasar Isra'ila, don haka muka ware musu shirin yau baki ɗaya. Labarin fagen daga kuna jin sa a labaran duniya. Mu a nan baya za mu koma, ga gardamar da malaman Yahudawa da masanansu na falsafar siyasa suka daɗe suna tafkawa a tsakaninsu.

Saƙon farko daga wani malami ne a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ya ce: "Don Allah ku fayyace mini, Yahudanci addini ne ko ƙabila ce? Kuma shin kowane Bayahude ne ya goyi bayan a kafa ƙasar Yahudawa?"

Allah ya gafarta Malam, wannan tambaya taka ita ce ta raba kan Yahudawa su kansu sama da shekara 200, kuma har gobe ba a rufe ta ba.

Bayan da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu a birnin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, yawancin Yahudawa a warwatse suka rayu, wasu a Bagadaza, wasu a Fas da Alƙahira da Andalus, wasu can Polan da Rasha. A wancan zamani babu wanda ya tsare su ya ce su zaɓa tsakanin addini da al'umma. Suna da unguwanninsu, suna da malamansu masu yanke hukuncin aure da gado, suna biyan haraji ga sarkin da ke kan gado. Kullum suna addu'ar komawa Ƙudus, amma lokacin komawar a hannun Ubangiji suka bar shi.

Juyin juya halin Faransa ne ya zo da sabon lissafi. Aka ce daga yau ƙasa ta 'yan ƙasa ce, kowa daidai yake a gaban doka. To ina za a ajiye Bayahude? A watan Disamba na 1789 wani ɗan majalisa mai suna Clermont-Tonnerre ya miƙe ya ce a bai wa Bayahude komai a matsayinsa na mutum ɗaya, amma a hana Yahudawa komai a matsayinsu na al'umma. A 1791 aka ba su 'yancin zama 'yan ƙasa. Kyauta ce babba, sai dai da sharaɗi a gindinta: Yahudancinka ka bar shi a gida da wurin ibada, in ka fito titi kai Bafaranshe ne kawai.

Da yawa sun karɓa hannu bibbiyu. A 1885 malaman Yahudawa masu ra'ayin gyara suka taru a Pittsburgh ta Amurka suka shelanta cewa su yanzu ba sa ɗaukar kansu al'umma mai neman ƙasa, jama'ar addini ce su, kuma ba sa jiran wata komawa Falasɗinu. A Jamus akwai babban masanin falsafa Hermann Cohen na jami'ar Marburg, wanda ya tsaya kai da fata cewa aikin Bayahude shi ne ya zauna cikin al'ummai yana shaida kaɗaitakar Ubangiji da adalci, kuma idan aka mayar da shi mai tuta da soja kamar kowa to an ƙasƙantar da saƙonsa. Yahudawan Jamus kusan dubu 100 ne suka sa kakin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wajen dubu 12 suka mutu suna kare Jamus.

Turai ce ba ta cika nata alkawarin ba. Kishin ƙasan da ya fara da batun doka da 'yanci sai ya juye ya koma batun jini da asali. A Rasha, bayan kisan Sarki Alexander na Biyu a 1881, aka yi ta afka wa garuruwan Yahudawa ana kisa ana wawashe dukiya. A Faransa kuwa, uwar 'yancin da kanta, aka ɗora wa wani kyaftin ɗin soja Bayahude, Alfred Dreyfus, laifin sayar wa Jamus asirin soja. A watan Janairu na 1895 aka tsayar da shi a filin makarantar soja a Paris, aka tsittsinke masa anini da maɓallan kaki, aka karya takobinsa gida biyu, yana ɗaga murya yana cewa shi ba shi da laifi, taron jama'a a bayan shinge suna ihun a kashe shi. Sai a 1906 aka wanke shi sarai.

Cikin 'yan jaridar da suka ga wannan rana har da Theodor Herzl, wakilin wata jaridar birnin Biyana ta Ostiriya. Herzl ba mai riƙon addini ba ne, mutum ne da ya narke cikin al'adun Jamusawa. Abin da ya gani a Paris, da wanda yake gani a Biyana inda masu ƙin Yahudawa ke lashe zaɓe, ya kai shi ga cewa: tunda ba za su taɓa karɓar mu ba, to mu ma al'umma ce, mu nemi ƙasarmu. A 1896 ya fitar da ɗan littafinsa kan ƙasar Yahudawa, a 1897 ya kira babban taron farko na 'yan Sahayoniya, wato masu neman a kafa wa Yahudawa ƙasa tasu. A Munich aka so yin taron, malaman Yahudawan Jamus da jama'ar garin suka ƙi, dole aka kai shi Basel ta Suwizalan. Ka ga ke nan tun ranar farko daga cikin gida adawar ta fara fitowa.

A wannan shekara ta 1897 ɗin dai, a birnin Vilna, ma'aikatan Yahudawa suka kafa ƙungiyar Bund. Su sun yarda Yahudawa al'umma ce mai harshenta, wato Yidish, amma suka ce inda muke zaune nan ne ƙasarmu, a nan za mu yi gwagwarmaya tare da talakawan Polan da Rasha. Ga kuma Edwin Montagu, Bayahude tilo a majalisar ministocin Birtaniya a 1917, wanda ya fi kowa yaƙar sanarwar Balfour, wadda a cikinta Birtaniya ta goyi bayan a samar wa Yahudawa gida na al'umma a Falasɗinu. Tsoronsa shi ne da zarar an ce Yahudawa suna da wata ƙasa can, kowace gwamnati za ta samu hujjar ce wa nata Yahudawan ku baƙi ne, ku tattara.

Me ya raba gardamar? Kisa ne ya raba ta. A 1938 ƙasashe 32 suka taru a garin Evian na Faransa kan batun Yahudawan da ke gudun Hitler, kusan dukkansu suka ƙi buɗe ƙofa. Daga nan aka hallaka Yahudawa miliyan 6, wajen rabinsu 'yan Polan, wato ainihin jama'ar da Bund ke tinƙaho da ita. Matar Hermann Cohen ɗin nan, Martha, tana tsohuwa aka kwashe ta zuwa sansanin Theresienstadt a 1942, a can ta rasu. Wannan wuri ina so mu riƙe shi da kyau: masu cewa a zauna inda ake ba a kayar da su da hujja a zauren muhawara ba, mutanensu aka ƙarar. Waɗanda suka tsira kuma, mafi yawansu suka ce ba za su sake dogara da alkawarin kowa ba.

Yau Yahudawan duniya sun ɗan haura miliyan 15, kusan rabi a Isra'ila, mafi yawan sauran a Amurka. Akasarinsu suna jin Isra'ila a ransu, da yawa suna faɗa da gwamnatocinta, wasu kuma sun ƙi aƙidar daga tushe. Ba a taru an zama ɗaya ba, Malam. Irin wannan ja-in-ja ma ba baƙo ba ne a wajen Musulmi. A 1938 Maulana Husain Ahmad Madani, malamin makarantar Deoband ta Indiya, ya ce a wannan zamani mazauni ne ke haɗa al'umma, Muhammad Iqbal ya mayar masa da martani mai zafi cewa addini ne ke haɗa ta, kuma ba a cika shekara goma ba aka raba Indiya aka kafa Pakistan.

Sai wata ɗaliba daga Zariya. Ta ce: "Nakan ga wasu Yahudawa a talabijin da baƙaƙen riguna da huluna da dogon gemu, suna riƙe da tutar Falasɗinu. Su wane ne, kuma da gaske suke?"

Malama, da gaske suke. Yawanci 'yan Neturei Karta ne, ƙungiyar da aka kafa a Ƙudus a 1938. Hujjarsu daga Talmud take, babban kundin shari'arsu, inda aka ambaci rantsuwa uku bayan warwatsuwa. Biyu a kan Yahudawa: kada su koma ƙasar a dunƙule da ƙarfin tuwo, kada kuma su yi wa al'ummai tawaye. Ɗaya a kan al'ummai: kada su wuce gona da iri wajen zaluntar Yahudawa. A fahimtarsu zaman gudun hijira hukuncin Ubangiji ne, Shi kaɗai zai ɗage shi idan Almasihun da suke jira ya bayyana, don haka wanda ya kafa ƙasa da hannunsa ya yi riga malam masallaci. Su 'yan kaɗan ne, kada kyamara ta sa ki ɗauka suna da yawa. Waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba su ne mabiya ɗariƙar Yahudawa ta Satmar a New York. Shugabansu Joel Teitelbaum, wanda da ƙyar ya tsira daga hannun 'yan Nazi a 1944, ya rubuta littafi guda yana kafa wannan hujja. Masu mayar musu da martani kan ce ai al'ummai ne suka fara karya tasu rantsuwar, don haka sauran biyun sun faɗi.

A ɗaya gefen akwai Abraham Isaac Kook, wanda ya zama babban malamin Yahudawan Turai mazauna Falasɗinu a 1921. Shi ya dubi samarin da ke noma da gini ba sa kiyaye Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa, ya ce aikin Ubangiji suke yi ba su sani ba, farkon fansa ke nan. Wannan tunani, ta hannun ɗansa Zvi Yehuda, shi ya haifi ƙungiyar Gush Emunim a 1974, masu kafa matsugunai a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, waɗanda ke ganin sakin taki ɗaya na ƙasar saɓon Allah ne.

Wanda ni ya fi tsaya mini a rai shi ne Yeshayahu Leibowitz, farfesan kimiyya a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, mai tsananin riƙon addini, kuma ɗan Sahayoniya. Ya ce yana son ƙasar ne don ya gaji da zama ƙarƙashin mulkin wasu, iyakarta ke nan. Gwamnati kayan aiki ce, ba ta da wani tsarki, kuma duk wanda ya tsarkake ƙasa ko soja ko duwatsu to gunki yake bauta wa. Tun a 1968, ana tsakiyar murnar nasarar yaƙin 1967 da Isra'ila ta kama Gaɓar Yamma da Gaza a cikinsa, ya yi gargaɗi cewa mulkar Falasɗinawa da ƙarfi zai mayar da Isra'ila ƙasar 'yan sandan ciki, ya lalata tarbiyyarta da addinin kansa. An zage shi iya zagi. Da aka zaɓe shi don babbar lambar yabo ta ƙasar a 1993, hayaniya ta tashi har ya ce ya yafe.

Wani direba daga Nyala a Sudan ya tambaya a taƙaice: "Gaskiya ne an taɓa yi wa Yahudawa tayin Uganda?"

Gaskiya ne, ɗan'uwa. A 1903 Birtaniya ta yi wa Herzl tayin wani yanki a gabashin Afirka, wanda a yau yana cikin Kenya. Herzl ya so a duba shi a matsayin mafaka ta wucin gadi. Wakilan Rasha, waɗanda su ne ake kashewa a lokacin, su suka fi kowa ƙi, suka fice daga zauren taron 'yan Sahayoniya. Herzl ya rasu a 1904, aka yi watsi da tayin a 1905. Daga nan ne ya bayyana cewa abin da ake nema ya wuce mafaka kawai.

Tambaya ta gaba daga wani dattijo ce a zangon Kumasi, ƙasar Gana. Ya ce: "Cikin waɗanda suka assasa wannan tafiya, babu ko ɗaya da ya tuna cewa akwai mutane zaune a ƙasar?"

Baba, akwai, kuma tun da wuri. Asher Ginsberg, wanda aka fi sani da Ahad Ha'am, ya ziyarci Falasɗinu a 1891 ya koma ya rubuta abin da ya gani. Ya ce mu da ke waje mun ɗauka ƙasar kufai ce, alhali da wuya ka ga gona mai kyau da ba a noma ba. Mun ɗauka Balarabe bai san abin da ke gudana ba, alhali yana gani sarai, kuma ranar da ya ji ana ture shi ba zai matsa cikin sauƙi ba. Ya kuma yi tir da yadda wasu sabbin zuwa ke wulaƙanta manoman Larabawa har da duka. Shi cibiyar ilimi da harshe da tarbiyya yake so a gina, yana tsoron ƙasar da za ta zama ta Yahudawa a suna amma babu ɗabi'ar Yahudanci a cikinta.

Ze'ev Jabotinsky ma ya gani, amma darasin da ya ɗauka daban ne. A 1923 ya ce babu al'ummar da ta taɓa miƙa ƙasarta ga baƙi da son ranta, Larabawa ma ba za su yi ba, saboda haka a gina katangar ƙarfe ta soja har sai sun fid da rai, sannan a yi sulhu. Jam'iyyar Likud ta yau daga tsatsonsa ta fito.

Tsakanin waɗannan biyu ne ƙungiyar Brit Shalom ta tashi a 1925, daga baya Ihud a 1942, da mutane irin su Martin Buber da Judah Magnes, shugaban Jami'ar Ibrananci. Ƙasa ɗaya suka nema ta al'umma biyu, babu mai danne wani. Ɗaya daga cikinsu, Hans Kohn, bayan tarzomar 1929 da ta ci rayukan Yahudawa sama da 130 da Larabawa sama da 110, ya ajiye tafiyar baki ɗaya. Ya ce mun shekara goma sha biyu a nan ba mu taɓa neman yardar mutanen ƙasar da gaske ba, bindigar Ingila muka dogara da ita. Ya koma Amurka ya zama ɗaya daga cikin manyan masana kishin ƙasa, kuma shi ya shahara da rarrabe kishin ƙasa na doka da na jini. Gaskiya kuma sai a faɗe ta duka: waɗannan mutane ba su samu jama'a ba, a cikin Yahudawa ko a cikin Larabawa. Fawzi Darwish al-Husseini, wanda ya sa hannu a wata yarjejeniya da masu irin wannan ra'ayi a 1946, bai yi wata guda ba aka kashe shi.

Sai Hannah Arendt, Bayahudiya haifaffiyar Jamus, masaniyar falsafar siyasa. Ita ta san zafin rashin ƙasa a jikinta, domin daga 1933 da ta gudu daga Jamus har 1951 babu ƙasar da ke kiran ta tata. Daga nan ta fahimci cewa haƙƙin ɗan'adam da ake rubutawa a takarda ba ya tsinana wa mutum komai idan babu hukumar da ta ɗauke shi nata. Ta yi aikin kai yaran Yahudawa Falasɗinu, ta kuma ce wanda aka kai wa hari don shi Bayahude ne, to a matsayin Bayahude zai kare kansa. Duk da haka a watan Mayu na 1948 ta yi gargaɗi cewa ko an ci yaƙin, za a zauna ne a kewaye da maƙwabta masu gaba, tunanin tsaro ya cinye komai. Daga baya ta rubuta cewa maganin da aka yi wa rashin ƙasar Yahudawa ya haifar da sabbin marasa ƙasa, wato Falasɗinawa sama da dubu 700 da aka raba da gidajensu. A 1963 tsohon abokinta Gershom Scholem ya zarge ta da rashin ƙaunar al'ummarta. Ta amsa cewa ita ba ta taɓa ƙaunar wata al'umma a dunƙule ba, abokanta take ƙauna, kuma laifin da mutanenta suka aikata ya fi ci mata rai a kan na wasu.

Adalci ne mu kawo masanin falsafa Isaiah Berlin na jami'ar Oxford, wanda ya ce alherin da Isra'ila ta yi wa Bayahude shi ne ta ba shi zaɓi: ya tafi ko ya zauna, ba tare da yana rayuwa kamar baƙon da ake haƙuri da shi ba. Ban raina wannan hujja ba ko kaɗan. Amma a ganina, Baba, duk wanda ya karɓe ta dole ya karɓe ta ga Bafalasɗinen da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira a Lebanon, wanda shi ma abin da yake nema ke nan.

Ta ƙarshe daga wata lauya ce a Kaduna: "Ƙasa za ta iya zama ta Yahudawa kuma ta dimokuraɗiyya a lokaci guda?"

Barista, kotunan Isra'ila da kansu suna fama da wannan. Sanarwar kafa ƙasar ta 14 ga Mayu 1948 ta yi alkawarin daidaito ga kowa ba tare da duba addini ko jinsi ba. A 1950 kuma aka yi Dokar Komawa, wadda ta bai wa kowane Bayahude a duniya damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, damar da Bafalasɗinen da aka haifa a Yafa ya gudu a 1948 ba shi da ita. Nan take tambaya ta taso: wane ne Bayahude?

Ga shari'ar Oswald Rufeisen. Bayahuden Polan ne da ya ɓoye asalinsa ya zama tafinta ga 'yan sandan Jamus a garin Mir, ya tsegunta wa Yahudawan garin ranar da za a hallaka su, wasu suka tsere daji. Ya ɓuya a gidan mata masu hidimar coci, ya karɓi Kiristanci, ya zama fada, wato limamin coci. Da ya iso birnin Haifa na Isra'ila ya ce addinina Katolika, al'ummata Yahudawa, a ba ni haƙƙina. A shari'ar addinin Yahudanci wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne ko ya bar addinin. Amma a 1962 kotun ƙoli ta ce a'a, a idon jama'a wanda ya shiga wani addini ya fita. Sai ta wata hanyar ya samu takardar zama ɗan ƙasa. A 1970 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da jikokin Bayahude, shi ya sa yau akwai dubban ɗaruruwan mutane daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet da gwamnati ta karɓa amma hukumar malamai ba ta ɗauke su Yahudawa ba. Suna aikin soja, amma in za su yi aure da yawa sai sun hau jirgi zuwa Kubrus, domin babu auren kotu a ƙasar.

A 2013 wasu 'yan ƙasar suka nemi a rubuta musu "Ba'isra'ile" a gurbin al'umma cikin rajista, kotun ƙoli ta ƙi. A watan Yuli na 2018 majalisa ta zartar da doka, da ƙuri'a 62 a kan 55, cewa haƙƙin cin gashin kai na al'umma a ƙasar na Yahudawa ne kaɗai, aka kuma sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma zuwa matsayi na musamman. Kalmar daidaito ba ta cikin dokar. Larabawa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na 'yan ƙasar, kuma Duruz, tsirarun Larabawa masu addininsu daban, waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa a cikin kakin sojan Isra'ila, sun cika dandalin Tel Aviv suna tambayar ina matsayinsu. Masu kare dokar sun ce ƙasashe da dama suna da al'ummar da aka gina su a kanta, kuma kowa na da ƙuri'arsa. Ni amsata, Barista, ita ce ƙuri'a kaɗai ba ta isa ba muddin doka ta ce gidan na wasu ne, balle ga miliyoyin Falasɗinawan Gaɓar Yamma da ke ƙarƙashin ikon soja tun 1967 ba su da ƙuri'ar ma a gwamnatin da ke iko da hanyoyinsu da gonakinsu.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya kan Yahudawan Iraƙi da Maroko, saƙonka ya iso, da shi za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.